Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Gidajen Kallon Ƙwallo ta Zangunan Kumasi, Kakar 2024/2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai, da 'yan'uwa masu gidajen kallo na Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Sawaba da Tafo, ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar daga Agustan 2024 zuwa Yulin 2025.

Babban aikinmu bana shi ne zagayawa gida-gida don gane wace ƙungiya ke cika benci, tunda a kan haka mai gida ke yanke wasan da zai sa a babban allo. Abin da muka tarar shi ne, yawancin masu kallonmu ɗan wasan gida suka bi har suka shiga ƙungiyar Turai. Magidantan da ke goyon bayan Chelsea sun fara ne tun zuwan Michael Essien daga Lyon a 2005, ya bar ta a 2014, su kuwa suna nan. Dattawan da ke tambayar wasan Bayern Munich suna tuna Samuel Kuffour ne, ɗan Kumasin nan da ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2001, kamar yadda wasu ke riƙe da Leeds saboda Tony Yeboah. Arsenal ta ƙara jama'a bayan Thomas Partey ya zo daga Atletico Madrid a 2020. West Ham kuwa, wadda da ba mai neman wasanta, ta fara cika benci a 2023 saboda Mohammed Kudus ɗan Nima. Da ya koma Tottenham a Yulin 2025, sai muka ga samarin sun fara neman farar rigar Tottenham a kasuwar Kejetia. Manchester United, Liverpool, Real Madrid da Barcelona su kam kofuna da manyan taurari ne suka tara musu jama'a, ba sa jiran ɗan Ghana.

Baƙinmu 'yan kasuwa sun nuna mana haka abin yake a ƙasashensu. Ɗan Najeriya mai shekaru sau da yawa Arsenal yake yi saboda Nwankwo Kanu, ko Chelsea saboda Mikel Obi. Ɗan Kwaddebuwa Chelsea ce tasa tun zamanin Drogba, ɗan Sanagal ya daɗe da Liverpool saboda Sadio Mane, haka ma mutanen Masar da Mohamed Salah. 'Yan'uwanmu na Nijar da Burkina Faso sukan nemi a sa musu PSG ko Marseille, domin tashoshin Faransanci suka saba kallo a gida. Shawarar kwamiti ita ce duk gidan da ke kusa da tasha ko masaukin baƙi ya ajiye ƙaramar talabijin ta biyu da dikodarta, kada a kori baƙo saboda wasa ɗaya.

Batun lokaci ya jawo rigima da masu kallo fiye da komai, kuma laifin rubutun allo ne. Ghana ba ta sauya agogo, Ingila kuwa tana matsar da nata gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Saboda haka wasan Firimiya na ƙarfe 3 na Asabar yana farawa a nan ƙarfe 3 daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin kuma ƙarfe 2. Wasannin Zakarun Turai na dare suna sauka daga ƙarfe 8 zuwa 7. Wasu gidaje sun kwafi lokacin Ingila suka rubuta da alli a ƙofa, mutane suka iso ana dawowa daga hutun rabin lokaci. Yanzu sakatare na tura jadawali da agogon Ghana ta WhatsApp duk ranar Alhamis, shi kaɗai za a kwafa.

Mun zauna da limaman unguwanni kan salla. Wasan ƙarfe 5:30 na yamma yana cin karo da Magariba, na ƙarfe 7 kuma da Isha. An amince a kashe sauti da zarar an fara kiran salla, a tanadi tabarma da butoci da ruwa, kuma wanda ya fita salla ya dawo ba zai sake biya ba. Azumin 2025 ya faɗo a Maris, zagayen 'yan 16 na Zakarun Turai ya zo daidai da asham, har da daren 11 ga wata da PSG ta fitar da Liverpool a bugun fenareti. Gidajen da ke jikin masallaci sun bar lasifika a kashe har aka idar, muna yaba musu.

Sabon tsarin Zakarun Turai mai ƙungiyoyi 36 ya gwada mu. Ranar 29 ga Janairu an buga wasanni 18 lokaci guda, mai allo ɗaya ya rasa wanda zai faranta wa. Maƙwabtan gidaje da suka raba wasannin tsakaninsu tun da rana, wannan ya ɗauki na Ingila wancan na Sifaniya, sun tashi lafiya. Za mu mayar da wannan ƙa'ida.

Kan kayan aiki mun yi bita sau biyu da masu gyara. Idan wuta ta ɗauke, janareta na iya tashi cikin minti ɗaya, amma dikoda sai ta sake lodawa, a nan ake rasa ƙwallo kuma a nan hayaniya ke tashi. Ƙaramar UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, a kan dikoda da talabijin kaɗai tana riƙe su har a juya wuta zuwa janareta, kada a ɗora mata fanka. Talabijin mai inci 55 tana cin wat 100 zuwa 150, dikoda ba ta kai 40 ba, kowace fanka kusan 70. Janareta mai kVA 2.5 ya wadaci allo biyu da fankoki shida da fitilu, yana shan kusan lita ɗaya a awa, don haka daren wasa biyu a tanadi lita 5 saboda ƙarin lokaci. A ajiye shi a waje nesa da taga, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki.

Damina ma ta taɓa mu, musamman daga Afrilu zuwa Yuni lokacin da gasa ke kai wa ƙarshe. Hadari mai nauyi yana yanke hoto, wannan ba makawa. Amma gidajen da hoto ke tsinkewa da ɗan yayyafi, mun duba mun tarar ko dish ɗin ya goce saboda kusoshi sun saki, ko ruwa ya shiga mahaɗin waya a jikin LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, ya yi tsatsa. A yanke bakin wayar, a sa sabon mahaɗi, a naɗe da tef mai hana ruwa, a bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige. Dish mai santimita 90 ya fi ƙarami jure ruwa. Masu komawa intanet idan hoto ya yanke su sani yana zuwa a makare da rabin minti ko fiye, sai maƙwabta su yi ihun ƙwallo kafin naka allon ya nuna.

Daren da suka fi cika su ne Arsenal da Real Madrid ranar 8 ga Afrilu, inda Declan Rice ya ci bugun tazara biyu aka tashi 3-0, da wasan ƙarshe na Europa da Tottenham ta ci United 1-0, da 13 ga Yuli da Chelsea ta doke PSG 3-0 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na ƙungiyoyi. A irin waɗannan darare zolaya kan wuce gona da iri. Kwamitin sulhu ya gano yawancin faɗan ba na kishin ƙungiya ba ne, na wanda ya zuba kuɗi a caca ne yana kallon kuɗinsa na tafiya. Mun hana karɓar caca cikin gidan kallo, mun hana 'yan makaranta zama bayan ƙarfe 9 a daren karatu. Ƙofa ta biyu kuma dole ta kasance a buɗe, ba benci a gabanta.

Abin da ke damun kwamiti shi ne ƙwallon gida. Asante Kotoko ta ɗauki kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka a 1970 da 1983, filin Baba Yara na nan kusa da mu, amma yaro zai lissafo maka 'yan benci na Chelsea bai san mai tsaron ragar Kotoko ba. Wasannin gida na Lahadi da yamma suna haɗuwa da na Firimiya, shi ya sa. Mun roƙi duk mai allo biyu ya bar ɗaya ga gasar Ghana a ranar, a rabin kuɗin shiga.

Waɗanda ake bi kuɗin wata su ga ma'aji kafin a fara sabuwar kaka a Agusta, domin da shi za a sayo UPS a sari a raba wa gidajen da ba su da ita, su biya kaɗan-kaɗan. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.

Kwamitin Zartarwa, Kumasi