Gwanintar Hannu Kaɗai Ba Ta Isa Ba A Ɗakin Tiyata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani ɓangare na aikin tiyata da ba a cika tattaunawa a kansa ba. Duk lokacin da aka ji an manta almakashi ko auduga a cikin majinyaci, ko an yi wa mutum aiki a ƙafar da lafiyarta lau, jama'a sukan ce likitan bai iya aikinsa ba. Abin da na gani a matsayina na ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ɗakin tiyata shi ne, sau da yawa likitan gwani ne, amma akwai maganar da ya kamata a faɗa a ɗakin ba a faɗa ba, ko kuma an faɗa ba a saurara ba.

A shekarar 2005 a Ingila, wata mata mai suna Elaine Bromiley, mai shekara 37, ta shiga ƙaramin aikin hanci. Bayan an yi mata allurar barci sai aka kasa zura mata bututun numfashi, manyan likitoci uku suka duƙufa suna ta maimaita dabara ɗaya, lokaci yana tafiya, iskar da ke jininta tana raguwa. Ma'aikatan jinya sun gane halin da ake ciki, ɗaya ta kawo kayan huda maƙogwaro, wata ta nemo gado a sashen kulawa ta musamman, amma ba a kula su ba, su kuma ba su iya matsawa ba. Ta rasu bayan kwana 13. Mijinta Martin, wanda matuƙin jirgin sama ne, ya nuna cewa kamfanonin jiragen sama sun daɗe suna horar da mataimakin matuƙi ya tsayar da kyaftin idan ya hango haɗari, kyaftin kuma ya saurara.

Idan haka ta faru a Ingila, ina ga mu da aka tarbiyyantar a kan cewa bin na gaba bin Allah ne? Girmama manya tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin tiyata tana iya rufe bakin wanda ya ga kuskure. Nas ta ƙirga audugar tsane jini, ta san goma aka buɗe, tara take gani a tire, babban likita ya riga ya fara ɗinki, ga wasu majinyata suna jira a waje, ga mai kula da janareta yana cewa mai ya kusa ƙarewa. Kalmomin da za ta faɗa ba su da yawa: "Ranka ya daɗe, auduga ba ta cika ba." Amma idan jiya an daka mata tsawa a gaban ɗalibai saboda ta yi tambaya, yau za ta gaya wa kanta cewa wataƙila ita ce ta yi kuskuren ƙirga. Haka ƙaramin likita zai ga jini yana zuba fiye da kima ya yi shiru, yana tsoron kada a ce ya raina malaminsa, wanda kuma shi zai sa hannu a takardar cin jarrabawarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin tambayoyi 19 a shekarar 2008, waɗanda ake yi da baki a matakai uku: kafin allurar barci, kafin a sa wuƙa, da kafin a fitar da majinyaci daga ɗakin. Kowa zai faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da sunan majinyaci da wurin da za a yanka, a tambayi ko an tanadi jini, a ƙarshe a ƙirga kayan aiki. Da aka gwada shi a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7. Sai dai da aka wajabta shi a lardin Ontario na Kanada, binciken da aka buga a 2014 bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin na sha ganin ana cike takardar bayan an gama aiki, a soka ta cikin fayil, alhali amfaninta duka yana cikin a tsaya, a yi magana, a saurari juna.

Abin farin ciki shi ne ana iya koyar da wannan. Jami'ar Aberdeen da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Edinburgh a Scotland sun fito da wani tsarin horo mai suna NOTSS, wanda yake auna likita a kan lura da abin da ke faruwa a kewayensa, da yanke shawara, da magana da aiki tare da abokan aiki, da jagoranci. An daidaita shi da yanayin asibitocin Ruwanda, saboda haka ƙarancin kayan aiki ba hujja ba ce. Hasali ma mun fi kowa buƙatarsa: binciken da aka buga a 2018 a kan majinyata fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25 ya nuna cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka na matsakaicin duniya, duk da cewa majinyatanmu sun fi ƙuruciya, kuma galibin mace-macen a kwanakin bayan aiki suke faruwa. Wato a ɗakin kwanciya, inda mai aikin dare ya karɓi aiki ba a gaya masa wanda zai sa wa ido ba.

Shi ma majinyaci yana da haƙƙin a yi masa magana. Miƙa wa dattijo takarda da Turanci ya dangwala yatsa ba neman izini ba ne. A zauna a gaya masa da harshensa abin da za a cire, da abin da zai iya biyo baya, da alamun da mai jinyarsa za ta gani ta kira nas nan take.

Ina kira ga Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma da Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Najeriya da su ba wannan horo nauyi a jarrabawarsu daidai da na riƙe wuƙa. Shugabannin asibitoci kuma su rubuta a ƙa'idar aiki cewa kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, yana da ikon dakatar da aiki idan ƙirga bai cika ba ko ya ga haɗari, kuma ba za a hukunta shi ba ko da daga baya an ga ba komai.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Kano