Kwamfuresa na kashe soket mai kariya: a gyara injin, kada a cire soket ɗin

Ya Edita,

Ka ba mu fili mu yi magana da masu gareji a kan wata matsala da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Mutum zai jona kwamfuresar iska a soket mai kariya, irin mai maɓalli biyu a fuska wanda ake kira GFCI, yana kunnawa sai wuta ta ɗauke. Ya danna maɓalli ta dawo, ya sake kunnawa ta sake ɗaukewa. Daga nan sai a ce soket ɗin ba shi da ƙarfi, a cire shi a saka na gama-gari, ko a karya ƙafar filogi ta uku, wato ƙafar ƙasa. Wannan ganganci ne, kuma ran mutum ake sakawa a ciki.

Soket ɗin ba ruwansa da nauyin wutar da injin ke ja, wannan aikin bireka ne, na'urar da ke yanke wuta a allon wuta idan nauyi ya yi yawa. Abin da yake aunawa shi ne ko wutar da ta fita ta waya mai wuta ta dawo cif ta wayar nutural. Idan ta dawo da giɓi, to wani ɓangare ya bi ta jikin injin zuwa ƙasa, ko ta jikin mutum. A Amurka giɓin miliamfiya 4 zuwa 6 ya isa ya yanke wuta. Na'urar RCD, takwarar GFCI da aka saba sakawa a ƙasashe masu folt 230 tana yankewa a miliamfiya 30. Don haka a fara duba wa ya faɗi. In bireka ne a allon wuta, a nemi nauyi: bawul ɗin da ke sakin iska daga kan fistan ya toshe, ko bawul ɗin bakin tanki yana mayar da iska baya, moto yana tashi da kaya a kansa. In kuwa maɓallin soket ne ya fito, yoyon wuta ake nema.

Lokacin da yake yankewa shi ne babban manuni. Wanda ke yankewa da an cusa filogi, alhali injin a kashe yake, matsalarsa tana tsakanin filogi da suwic: wayar ta goge, taya ta take ta, ko ruwa ya shiga akwatin suwic ɗin da ke kashe injin idan tanki ya cika. Wanda ke yankewa daidai lokacin tashi, a tuhumi kafasita, ɗan gwangwanin da ke adana wuta don taimaka wa moto ya tashi. Ta kumbura, tana tsiyayar mai, ko bakinta ya yi tsatsa yana taɓa murfin ƙarfe? A canza ta da mai lamba ɗaya a mikrofarad, folt ɗinta kuma kada ya gaza na tsohuwar. Wanda sai injin ya yi aiki na ɗan lokaci ya ɗauki zafi sannan ya yanke, wannan ya fi muni, domin yawanci rufin kwayil ɗin moto ne ya fara ƙonewa. Akwai kuma mai yankewa a lokacin da tanki ya cika injin ya mutu. Tartsatsin bakin suwic ne ke jawo shi, musamman in bakin ya ci wuta ko soket ɗin ya tsufa.

Kafin a taɓa komai a zare filogi, a saki iskar tanki har agogo ya koma sifili, a sauke cajin kafasita, domin tana riƙe wuta bayan an kashe injin. Sai a ɗauko mita a sa ta a ma'aunin om, suwic a kunne, a auna tsakanin kowace ƙafar filogi da ƙafar ƙasa. Bai kamata mita ta nuna haɗi ba. In ta nuna, a cire wayoyin moto daga suwic a sake aunawa. Da haka za a san ko moto ne ko waya da suwic. Sai dai mita ta gama-gari da ɗan batir take aiki, tana iya wanke moto mai laifi. Na'urar gwajin rufin waya mai folt 500 ita ce ke faɗin gaskiya, kuma duk moton da ya nuna ƙasa da megaom 1 bai da lafiya. Wani lokaci danshi ne kawai, in an busar da shi lambar ta haura. In ba ta haura ba, sai sabon naɗi ko sabon moto.

Kada a manta da abin da ke kewaye da injin. Doguwar wayar ƙari da aka shimfiɗa a ƙasa mai laima tana da nata yoyon, ga shi tana rage ƙarfin wuta. Gara a ƙara tsawon tiyon iska a bar injin kusa da bango. Sau da yawa kuma soket ɗaya yana kare wasu soket da ke bayansa, firiji ko fitilar waje suna zubar da nasu kaɗan-kaɗan, kwamfuresa ta zo ta cika ma'auni. A zare su duka a gwada ta ita kaɗai.

Shi ma soket ɗin yana lalacewa, ba mu musa ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kai kwamfuresar wani soket mai kariya da aka san lafiyarsa ƙalau. In can ma ta kashe shi, laifin nata ne. In ta yi aiki lami lafiya, a kira mai gyaran wuta ya canza na garejin da irinsa, ya tabbatar wayar nutural ba ta taɓa wayar ƙasa a cikin akwatin ba, kuma bai juya wayoyin shiga da na fita ba. Bayan nan a riƙa danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, a kuma riƙa buɗe famfon ƙasan tanki ana zubar da ruwan da ya taru bayan kowane aiki.

Naku,
Wasu masu gyaran wuta da injinan iska