Rage abinci a jirgin sama: matafiyi ya yi guzurinsa

Ya Edita,

Matafiya na ta ƙorafi cewa kamfanonin jiragen sama sun tsuke hannu wajen ba da abinci. Suna da gaskiya, amma ba kowane ragi ne rowa ba. British Airways ya daina raba abinci kyauta a ƙananan kujeru, wato masu arahar tikiti, kan gajerun tafiye-tafiyen Turai a 2017, wannan kam tsimin kuɗi ne. Korean Air kuwa ya janye taliyar da ake jiƙawa da ruwan zafi a cikin kofi daga ƙananan kujeru a Agustan 2024 ne saboda tafasasshen ruwa na iya ƙona mutane idan jirgi ya shiga gargadar iska.

Mai ciwon suga na cikin waɗanda suka fi shiga haɗari idan ba a ba da abinci ba, don haka ya riƙe busasshen guzuri a jakar hannu: dabino, biskit, gyaɗa. Ruwa ko kunun da ya wuce mililita 100, a wurin bincike na yawancin filayen jirgi za a ƙwace shi, sai dai irin su abincin jarirai da ake yi wa sassauci. Kilishi kuma a cinye shi kafin sauka, domin Amurka da Birtaniya ba sa barin a shigar musu da naman da aka ɗauko daga Najeriya. Mai son abincin halal ya nema tun sa'o'i 48 kafin tashi, ba sai an turo keken abinci ba.

Naku,
Wani mai sayar da tikitin jirgi, Kano