Abin da na gani daren Asabar

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya Inna, ya yara? Ni ma lafiya lau, sai dai sanyin ƙasar nan da har yau jikina ya ƙi sabawa da shi.

Ka tambaye ni labarin madubin hangen nesan da na saya, wai ko asarar kuɗi na yi. To, daren Asabar na gwada shi da gaske. Na fita can bayan gari inda babu fitilun titi, kuma sai da na jira daren da babu farin wata, don hasken wata kaɗai ya isa ya shafe abin da nake nema. Sunansa M101, wani makeken gungun taurari ne a nannaɗe kamar gammo. Wani Bafaranshe, Pierre Méchain, shi ya gano shi a 1781.

Da farko ban ga komai ba, baƙi ƙirin. Na kashe waya, na zauna kusan rabin awa har ido ya saba da duhu. Ashe kuma ba a zuba masa ido. Sai ka ɗan kau da kallonka gefe, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Can sai ga shi dishi-dishi, kamar hucin baki a jikin gilashi. Na dube shi sosai, ya ɓace. Na kau da ido, ya dawo. Haka muka yi ta wasan ɓuya har yatsuna suka ƙage.

Kada ka sa ran irin hotunan nan masu launi na intanet. Waɗannan kyamara ce take tara haske na sa'o'i. Madubina inci 8 ne, tsakiyar gungun kawai ya nuna mini. Hannayen gungun, wato layukan taurarin da suka nannaɗo daga tsakiyar kuwa, ko na ga ɗaya ko zuciyata ce ta raya mini, Allah masani.

Yaya, hasken nan shekara wajen miliyan 21 ya yi yana tafiya kafin ya faɗo idona. Na dawo ɗaki na kasa barci. A 2023 ma an ga wani tauraro ya fashe a cikin gungun, kuma wani mutumin Japan, ɗan sha'awa irina, shi ya fara hango shi.

Na san Inna za ta ce me ya kai ni daji da tsakar dare. Ka ce mata riga uku na sa. A gaida kowa da kowa.

Naka,
Ƙaninka