Zuwa ga Alhaji Sani, kan Ferrari F80 da kuɗin suna

Jidda, Saudiyya
Afrilu 2025

Aminina Alhaji Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ya kasuwa, ya kuma zafin Kano? Mu nan alhamdu lillahi, gari ya fara ɗaukar haramar aikin Hajji.

Saƙonka ya iso tare da hoton jar motar nan. Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah ko kuɗin da aka rubuta a ƙasan hoton gaskiya ne, ko kuwa shaci-faɗi ne irin na intanet. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Gaskiya ne, Alhaji. Sunan motar Ferrari F80. Kamfanin da ke garin Maranello na Italiya ya nuna ta a watan Oktoban 2024, kuma farashin da aka sanar ya kai wajen yuro miliyan 3.6. A kuɗinmu na nan kusan riyal miliyan 15 ke nan, a naira kuwa ya haura biliyan 6. Wanda zai shigo da ita ƙasar nan kuma sai ya biya harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa kan kaya tun shekarar 2020, wato harajin kaɗai ya haura riyal miliyan 2, kuɗin Land Cruiser sababbi fil huɗu ko biyar. Guda 799 za a ƙera, a ƙarshen bana za a fara miƙa su, a ci gaba har zuwa 2027, shekarar da kamfanin zai cika 80 da kafuwa. Daga nan sunan ya samo asali. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne tun ba a nuna wa duniya ita ba, kowace ɗaya ta riga ta yi mai ita.

Na san tambayar da za ta fara zo maka, don kai dillalin mota ne, ka saba buɗe bonet ka saurari inji kafin ka yi tayi: me ke cikinta? Inji ne mai silinda 6, lita 3, da ke ba da ƙarfin doki 900, sai na'urorin lantarki da ke ƙara 300, ya zama 1,200. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2 da 'yar ɗoriya, ƙarshen gudunta kuma 350. Jikinta na zaren kabon ne, mai ƙarfi ga rashin nauyi. Injin jinin na motar tserensu ne, 499P, wadda ta ci gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa a 2023 da 2024. Aiki ne na gani na faɗa, ban raina shi ba ko kaɗan. Amma ni da nake wuni a gareji ina goge fentin irin waɗannan motoci ina manna musu ledar kariya, na san ƙarfe da kabon da batir ba su kai wannan kuɗin ba. Kuma babu inda za ka taka 350 a ƙasar nan. Iyakar abin da doka ta yarda a manyan hanyoyi 140 ne, ga kyamarorin Sahir masu kama masu wuce ƙa'idar gudu ko'ina suna jira. Yawancin irinsu da ake kawo mana ma a bayan motar ɗaukar mota suke zuwa, don ƙirjinsu ya yi ƙasa da yawa, tudun rage gudu kaɗai ya isa ya yi musu illa.

Mafi yawan kuɗin nan na suna ne, kuma yadda suke tsaron sunan shi ne abin da nake so ka gane. Kai a wurinka duk wanda ya zo da kuɗi a hannu shi ne sarki, ka ba shi makulli ya tafi. Su a irin wannan motar ba haka suke yi ba. Kamfanin ne ke zaɓen wanda zai sayar wa. Sai sun duba tarihinka da su: motocinsu nawa ka saya a baya, shekara nawa kuna tare, kana riƙe su ko kuwa da ka karɓa sai ka kai kasuwa ka ci riba. Mutum zai iya mallakar rijiyar mai ya je da kuɗinsa a ce masa a yi haƙuri. Abin ya yi kama da rawanin sarauta. Yadin rawani yana nan a Kantin Kwari, kowa zai iya saye, amma naɗi sai fada ta kira ka, kuma da za a wayi gari kowane mai kuɗi yana iya sayen naɗin, da sarautar ta tashi daga aiki a ranar. Shi ya sa attajiri kan yi shekaru yana sayen ƙananan motocinsu, har da waɗanda ba su kwanta masa a rai ba, don dai sunansa ya shiga layi. Ka ga ke nan wannan mota guda tana sayar musu da wasu motocin da yawa tun ba ta fito ba.

An daɗe ana danganta wata magana ga Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, cewa kullum a ƙera mota ɗaya ƙasa da yadda kasuwa ke nema. In ka bi lissafinsu za ka ga alamarta. Cikin irin waɗannan motocinsu na musamman, F50 ta shekarar 1995 guda 349 ce. Enzo ta 2002 an tsara 399, LaFerrari ta 2013 kuma 499. Duk lambobin ɗaya ya rage su cika. A 2024 gaba ɗaya motoci 13,752 kamfanin ya miƙa wa masu saye a duk duniya, alhali Toyota na sayar da sama da miliyan 10 a shekara. Amma ribar da Ferrari ya ci a shekarar ta haura yuro biliyan 1.5, wato in ka raba a kan yawan motocin, kowace ɗaya ta bar sama da yuro dubu 100. Ita F80 kaɗai, in ka ninka 799 da farashinta, kuɗin ya kusa yuro biliyan 3. Hausawa sun ce araha ba ta ado, su kuwa sun mayar da wannan magana jarinsu.

Masu sayen ma ba wawaye ba ne, suna da nasu lissafin. LaFerrari an sayar da ita wajen dala miliyan 1.4 tana sabuwa, yau in ta fito gwanjo sai ta haura miliyan 3. Ta 500 da aka ƙara ƙerawa don taimakon waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a tsakiyar Italiya, dala miliyan 7 aka saye ta a 2016. Akwai tsohuwa, 250 GTO ta shekarar 1962, da aka yi gwanjonta a Amurka a 2018 a kan dala miliyan 48.4. Kai ka fi ni sanin cewa mota tana barin wurin dillali darajarta ke fara zubewa. Waɗannan 'yan ƙalilan su ne suka saɓa wa ƙa'idar, kuma wannan ne ya sa da yawa ba a hawansu sai jefi-jefi, suna ɗaki mai sanyi a lulluɓe. Ni abin yana min ciwo, wallahi. Injiniyoyi sun ƙarar da basirarsu a kan abin da aka yi don gudu, a ƙarshe ya zama ajiya.

Yanzu ga inda ake ta muhawara, har a garejinmu. F50 da Enzo da LaFerrari duk silinda 12 gare su, kuma wanda ya taɓa jin kukan wannan injin ba ya mantawa. Wannan sabuwar rabin haka aka ba ta, ga farashi ya ninka na LaFerrari kusan sau uku. Wasu daga cikin masu kawo mana motoci suna cewa ba za ta yi kwarjinin na baya ba. Ni ban tsaya a nan ba. F40 ta 1987, mota ta ƙarshe da Enzo ya sa wa albarka kafin rasuwarsa a 1988, silinda 8 ce, kuma har gobe babu wadda ake so kamarta. Motocin gasar Formula 1 ma tun 2014 silinda 6 suke amfani da shi haɗe da lantarki. Kamfanin da tsere ne asalinsa yana da hujja in ya ce abin da ke cin gasa a yau shi ya saka.

Abin da ya fi damuna shi ne lambar 799. Daga 499 an yi tsalle an ƙara 300, kuma an ƙara kuɗi a lokaci guda. Wato suna so su ci riba ta fuska biyu, yawa da tsada, alhali tsadar a kan ƙaranci ta dogara. Sun taɓa ganin irin wannan. F40 ɗin nan da farko wajen 400 aka yi niyya, da aka ga ana rububi sai aka yi ta ƙerawa har ta haura 1,300. 'Yan kasuwa sun yi ta sayenta suna sayarwa da ninkin kuɗi, a farkon shekarun 1990 kuma farashin ya faɗo, mutane da yawa suka tafka asara. Bayan nan ne aka dawo aka matse F50 a 349. Yau kamfanin yana kasuwar hannun jari a New York tun 2015, masu jari kuma kowace shekara ƙari suke so su gani. A ganina wannan matsin ne ya haifi 799. Gaskiya ne attajiran duniya sun ƙaru, amma abokan hamayya ba haka suka yi ba: McLaren W1 da aka nuna a wata guda da ita 399 ce, Bugatti Tourbillon kuma 250 a kan yuro miliyan 3.8. Ba na cewa F80 za ta faɗi. Ina dai ganin an fara ɗebo daga rumbun da kakanni suka cika, kuma ranar da guda biyar ko shida suka haɗu a kasuwar gwanjo lokaci ɗaya, ranar za a san gaskiyar farashinta.

Abin da ya sa maganar nan ta tsaya min a rai shi ne abin da nake gani a ƙasar nan. Makon da ya wuce aka yi gasar Formula 1 a bakin tekun Jidda, inda ake yinta tun 2021. Oscar Piastri na McLaren ne ya zo na ɗaya, Charles Leclerc na Ferrari na uku, Lewis Hamilton da ya koma Ferrari a bana ya zo na bakwai. Amma in ka dubi 'yan kallo, jar riga da jar hula mai tambarin doki sun cika wuri. Rabon Ferrari da kambun direbobi tun 2007, duk da haka yaran da aka haifa bayan nan su ne ke sanye da jar. Wannan ƙaunar ita ce ke riƙe da farashin motar da yaran ba za su taɓa hawa ba, domin mai biyan miliyan 15 yana biya ne don abin da miliyoyin mutane ke sha'awa.

Saudiyya ta gane haka, kuma tana nema da gaske. Asusun zuba jarin gwamnati, PIF, shi ke da mafi yawan hannun jarin Lucid, kamfanin motocin lantarki na Amurka, har an buɗe masana'antar harhaɗa motocinta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, arewa da Jidda, a 2023. Ya sayi kashi 30 cikin 100 na Pagani, kamfanin motocin alfarma na Italiya, a 2021, ya shiga Aston Martin a 2022, ga kuma Ceer da suke son ta zama motar ƙasa. Ina yi musu fatan nasara da zuciya ɗaya, don matasa da yawa za su samu sana'a, har da 'ya'yan Hausawan da aka haifa a nan. Sai dai kuɗi na iya gina masana'anta cikin shekara biyu, amma ba ya sayo shekarun da ke sa a yarda da suna. Lucid mota ce mai kyau ƙwarai, na taɓa ta da hannuna, amma har yanzu kamfanin asara yake yi. Tsufan suna kaɗai ma ba ya wadatarwa. Aston Martin ya girmi Ferrari nesa ba kusa ba, tun 1913 yake, amma ya sha karyewa a tarihinsa, kuma motarsa Valhalla da aka fara nunawa a 2019 sai bana ake sa ran fara miƙa ta, guda 999. Mai kuɗi ba ya son a yi ta ɗaga masa rana.

Ka tambaye ni ko wannan ba almubazzaranci ba ne. Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ba ta sakewa in na tuna abin da riyal miliyan 15 zai yi a unguwa irin tamu, rijiyoyi nawa, azuzuwa nawa, marasa lafiya nawa. Akwai yaran da muke aiki tare da ke wanke taya ɗaya da ta fi albashinsu na wata tsada, kuma suna yi da amana. Hukunci na malamai ne, kowa kuma zai amsa tambayar dukiyarsa, inda ya samo da inda ya kashe. Cikin masu irin motocin nan na ga masu hannun kyauta da ba sa so a sani, na kuma ga waɗanda ko sallamar ma'aikaci ba sa amsawa. Ni dai aikin hannun da ke jikin motar ina girmama shi, kuɗin ne har yanzu na kasa sabawa da jin sa.

Maganar fitilun Land Cruiser da ka ce in duba maka, na samu na asali a wurin wani mutumin kirki, amma ka turo min lambar shasi kafin in biya, don na 2016 zuwa sama sun bambanta da na baya. In ka turo da wuri zan haɗa su da kayan da za su taho ta kago kafin cunkoson alhazai ya yi yawa. In akwai mai tahowa daga unguwa, a sako min yaji da 'yar kuka.

Ka gaishe min da Baba da kyau, ka ce ina yi masa addu'a. Ka gaida Hajiya da yara da duk mutanen majalisa.

Naka har kullum,
Habibu