Wata 14 Baba bai ga fanshonsa ba saboda saɓanin suna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in kai kukan mahaifina, wanda yau harshensa ya yi nauyin da ba zai iya kai kukansa da kansa ba. Ni ce 'yarsa ta fari, ina koyarwa a makarantar firamare, kuma ni nake yawo da takardunsa tun da ciwo ya kwantar da shi.

Baba ya shiga soja a ƙarshen 1967, 'yan watanni da ɓarkewar yaƙin basasa. Manomi ne ɗan manomi, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Da shi da samari huɗu na ƙauyen suka hau bayan babbar mota zuwa Zariya, inda ake horar da kurata. A lokacin ƙasa na neman mutane ido rufe, domin rundunar da ba ta fi kimanin mutum 10,000 ba kafin yaƙi, sai da ta kai wajen 250,000 kafin a gama. Makonni kaɗan aka horar da su, aka miƙa musu bindiga, aka tura su Runduna ta Biyu, wadda Kanar Murtala Muhammed ke jagoranta.

A teburin ɗaukar kurata aka shuka abin da muke girba yau. Magatakarda ya tambaye shi sunansa, ya faɗa. Ya tambaye shi daga ina ya fito, ya faɗa. Shi ke nan, aka rubuta sunansa, aka bi shi da sunan gari a gurbin sunan uba. Shekaru kuwa, kallonsa kawai aka yi aka ƙiyasta. Baba bai iya boko ba a lokacin, bai san abin da aka rubuta ba, kuma ko ya sani, wane kurtu ne zai tsaya gardama da magatakarda? Duk wanda ya tashi a bariki ya san sojojin wancan zamani da yawa haka sunayensu suke, wannan na ɗauke da sunan Kano, wancan Sakkwato, wancan Gusau.

Tun muna yara muke ganin tabon da ke hannunsa na hagu, daga gwiwar hannu har kafaɗa, fata ta tattare tana sheƙi kamar an shafa mai. In mun tambaya sai ya ce wuta ce, ya kawo wata magana. Sai da na yi aure na haihu sannan ya ba ni labarin, wata rana da dare muna zaune a tsakar gida. A Abagana ne, ranar 31 ga Maris, 1968, a kan hanyar Inugu zuwa Anacha. Jerin gwanon motocinsu na tafe da makamai da abinci, sojojin Biyafara suka yi musu kwanton ɓauna, wuta ta kama tankar mai, ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya diro yana ci da wuta, ya yi ta birgima a cikin ciyawa har ta mutu. Biyu daga cikin samarin da suka baro ƙauye tare a nan suka tsaya. Da ya dawo hutu, shi ya je gaban iyayensu mata ya durƙusa, kuma ya ce wannan durƙuson ya fi masa ƙunar zafi.

Ban taɓa jin Baba ya yi alfahari da yaƙin nan ba. In ya idar da sallar asuba yakan nema wa abokansa gafara, kuma sau da yawa na ji yana cewa yaran da ya gani a ƙauyukan Gabas, cikinsu ya kumbura don yunwa, ba su ci ba, ba su sha ba. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 bai tuɓe kaki ba. Ya zauna a barikoki daban-daban, ya je Labanan aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya bar aiki a 1989 da igiya uku bayan shekara 22. Ya koma gona da littafin sallamarsa, wanda har yau yake naɗe a leda a ƙasan akwatin ƙarfen Inna.

Shekaru da yawa fanshon na zuwa, wani lokaci a makare, amma yana zuwa. Da aka fito da BVN, wato lambar tantancewa ta banki, daga baya aka matsa wa kowa ya yi NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, Baba ya je ya ba da sunansa na gaskiya, nasa da na mahaifinsa, da shekarar da dattawan gida suka ce an haife shi. Me zai faɗa in ba wannan ba? To, ranar da aka zo haɗa bayanai a kwamfuta, sai aka ga suna biyu da shekarar haihuwa biyu. Wata ya ƙare ba mu ji alat ba. Muka ce ko jinkiri ne irin wanda aka saba. Na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Yau wata 14 ke nan.

Wata biyar da tsayawar kuɗin, hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba zan ɗora wa kowa alhakin ciwon ba, cuta da lafiya na Allah ne. Abin da na sani shi ne, kafin nan ya fara raba ƙwayar maganinsa biyu don ta kai shi ƙarshen wata, bai gaya wa kowa ba, sai Inna ce ta tsinci ɓarin ƙwayoyin a aljihun rigarsa.

Na yi takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Na buga sanarwa a jarida. Na karɓo takarda daga mai unguwa da hakimi. Sau uku ina zuwa Abuja da kuɗin bashi, kowa kuma ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. A zuwa na farko aka ce in koma banki. Banki suka ce su ba su da ikon taɓa komai sai an rubuto musu. A na biyu aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. A na uku wani jami'i, wanda na shaida ya yi min magana cikin mutunci, ya ce a gaskiya abin da zai fi sauri shi ne a kawo mai fanshon a gan shi ido da ido, a ɗauki hoton yatsunsa. Na ce masa, ranka ya daɗe, mutumin da sai mutum biyu sun kama shi ake kai shi bayan gida, ta yaya zan sa shi a motar haya daga Malumfashi zuwa nan? Ya yi shiru, ya ce shi ma umarni yake bi.

Ban ƙi tantancewa ba. Na san an sha gano sunayen bogi da na matattu ana cin kuɗi da su, kuma dukiyar jama'a ta cancanci a tsare ta. Amma Baba na da lambar soja. Lambar nan ba ta sauya ba tun 1967, tana littafin sallamarsa, tana fayil ɗinsa, tana kan takardar asibitin sojan da aka yi jinyar ƙunarsa. Yanzu sunayen jikokinsa kan kuɓuce masa, amma in ka sunkuya ka tambaye shi lambarsa, zai jero maka ita da wannan nauyayyen harshen, ba tuntuɓe. Ranar da na gwada shi sai da na fita waje na yi kuka.

Akwai wata matsalar da na gano a cikin wannan yawo, kuma ina so iyalan tsofaffin sojoji su ji ta. Magajin da ke rubuce a fayil ɗin Baba yayansa ne, domin sa'ad da ya shiga soja bai yi aure ba. Yayan nan ya rasu fiye da shekara 20. Ba sunan Inna, ba na abokiyar zamanta, ba na ko ɗaya daga cikinmu mu tara. In ta Allah ta kasance gobe, daga ina za mu fara? Na ga yadda matar wani abokinsa ta ƙare: tun daga fita takaba take neman haƙƙin mijinta, 'ya'yan ɗakuna biyu sun ɓata da juna a kan wanda zai tsaya a matsayin magaji, alhali a shari'a wanda aka rubuta ɗin amana kawai zai karɓo a raba wa magada yadda Allah ya tsara. Duk mai tsohon soja a gida, don Allah ya zauna da shi tun yana da baki, a buɗe littafin sallama, a duba suna, a duba shekaru, a duba magaji.

Ga hukumomin da abin ya shafa kuwa, roƙona ba mai tsada ba ne. Kusan kowace jiha akwai bariki, akwai kuma reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji da suka san gidan kowane ɗayansu. A riƙa tura jami'i da na'ura ya je ya tantance marasa lafiya a kan shimfiɗarsu. In an ga saɓanin suna, a sanar da mutum a rubuce, a ba shi wa'adin gyarawa kafin a tsayar masa da abincinsa. Sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 ya hana a riƙe wa mutum fanshon da ya cancanta ba bisa doka ba, har ya ce a riƙa sake duba shi duk bayan shekara biyar ko duk sa'ad da aka sake duba albashi. Mu yanzu ba ma ta ƙarin muke ba, a sako mana na asalin.

Kowace 15 ga Janairu muna ganin manya a talabijin suna ajiye furanni, ana sakin fararen tattabaru don tunawa da mazan jiya. Da Baba na da lafiya, ranar yakan goge takalminsa, ya sa hularsa, ya tafi fareti tare da sauran tsofaffi. A bana yana kwance ya ji busar a rediyo, ya yi ta ƙoƙarin ɗaga hannun dama ya sara, hannun ya ƙi. Waɗanda suka yi yaƙin nan duk sun doshi 80 ko sun wuce, kowace damina ana rasa wasu.

Na haɗo maka kwafin littafin sallamarsa da takardar kotu da lambar wayata. In Allah ya sa wani mai iko ya karanta wannan wasiƙa ya nemi ganinsu, don Allah ka haɗa mu.

Wassalam.

'Yar tsohon soja,
daga Malumfashi, jihar Katsina.