Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate: Asibiti na da lauya, mara lafiya fa?

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni aron kunnenka a kan wani ma'aikaci da ba a cika tunawa da shi ba idan ana lissafin ma'aikatan lafiya, wato lauya.

Manyan asibitocin tarayya suna da sashen shari'a. Aikin waɗannan lauyoyi shi ne duba kwangila, amsa sammaci, da kare asibiti idan an kai shi ƙara. Ba laifi ba ne, don haka aka ɗauke su. Sai dai a cikin ginin nan kaf babu wanda aka ɗauka domin ya tsaya wa mutumin da ke kwance a kan gado, alhali dokokin da majalisa ta yi kusan duk dominsa aka yi su.

Abin da ya sa na ce lauya na da amfani a harkar lafiya, mu a Kano mun gani da idonmu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, aka ba kusan rabinsu sabon maganin, sauran kuma aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye kuwa suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a 2007 gwamnatin Kano ta shigar da ƙara, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75: miliyan 35 domin iyalan, miliyan 30 domin ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Iyalai huɗu na farko ba su karɓi diyya ba sai a 2011, bayan gwajin ƙwayar halitta (DNA), shekara 15 da faruwar abin. Yaran da suka rayu sun zama samari da 'yan mata kafin a kai ga haka.

Cikin lauyoyin da suka tsaya wa gwamnati a wannan shari'a akwai Babatunde Irukera. Na ambace shi ne saboda abin da ya yi daga baya. Da aka naɗa shi shugaban hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya a 2017, sai ya ɗauki mara lafiya a matsayin mutumin da ya biya kuɗinsa kuma yake da haƙƙi. A Yulin 2018 hukumarsa, da haɗin gwiwar ma'aikatar da kake riƙe yanzu, ta fitar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya guda 12, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shi. A ciki akwai haƙƙin a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a nuna masa lissafin kuɗi filla-filla, a rufa masa asiri, ya ƙi magani idan bai yarda ba, ya kuma kai kuka. Mutumin da ya ga yadda rashin takardar yarda ɗaya ta ci shekaru a kotu, shi ya san darajar a hana ɓarna tun a bakin gado. Ya bar kujerar a farkon 2024. Ba na cewa ba shi da masu suka, kowane mai riƙe da hukuma yana da su. Abin da nake nunawa shi ne irin aikin, kuma irinsa ne babu a asibitocinmu.

Yallaɓai, dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta haramta wa asibiti ko ma'aikaci ya ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa a kan kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sashe na 23 ya ce a yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa da haɗarin aiki da kuɗinsa, da harshen da yake fahimta, a kuma lura da iyakar karatunsa. Sashe na 30 ya ce a samar da hanyar kai ƙorafi, a liƙa ta inda duk mai shiga asibiti zai gani. Dokar 2017 kuma ta ce wanda aka harba a karɓe shi ko da babu takardar 'yan sanda, ko da babu kuɗin kafin alƙalami, asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu.

To ga yadda abin yake a ƙasa. Mace ta kwana tana naƙuda, likita ya ce sai an yi aiki. Sai a kira mijin a tsaye a baranda, a miƙa masa takarda da Turanci, a ce "sa hannu nan". Idan bai iya ba, a goga masa tawadar biro a babban yatsa ya dangwala. Bai san an rubuta cewa za a iya cire mahaifa idan jini ya ƙi tsayawa ba. Ita kuwa mai jikin, wadda doka ta fi ba wa haƙƙin a tambaya, tana ciki babu wanda ya ce mata uffan. Idan abin ya zo da ƙarar kwana, dangi su ce ƙaddara ce, sun bar wa Allah. Imani ne, kuma ina girmama shi. Amma rabin wannan haƙuri na rashin sanin ƙofar da za a buga ne. Wanda ya ce zai bi kadi, sai a ce masa ya nemo takardar rantsuwa daga kotu ya aika wa Majalisar Likitoci a Abuja. Manomi daga Sumaila ko Ningi, ina shi ina wannan?

Su ma likitoci suna da tasu hujjar. Asibiti mai zaman kansa da ya karɓi wanda mota ta buge, ya sa masa jini da ruwa, wa zai biya shi? Dokar 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin gaggawa. Muddin mai asibiti bai tabbata kuɗin zai iso shi a kan lokaci ba, zai ci gaba da cewa "babu gado". Barazanar tarar naira 100,000, a darajar naira ta yau, ba ta hana kowa barci.

Roƙona shi ne a naɗa wa kowane asibitin tarayya jami'i mai ilimin shari'a wanda aikinsa kawai shi ne haƙƙin marasa lafiya. Kada albashinsa da ƙarin girmansa su kasance a hannun shugaban asibitin, domin wanda ke cin ladan mutum ba ya iya ɗaga masa murya. Ya kasance yana jin harshen mutanen wurin, ofishinsa kusa da sashen gaggawa, ba a can bene na sama bayan ofishin akanta ba. Teburin SERVICOM, mai karɓar koken jama'a kan ayyukan gwamnati, da ake da shi yanzu bai wadatar ba. A fassara takardar yarda da aiki zuwa Hausa, da boko da ajami, da sauran harsunanmu, a kuma karanta wa mai jikin ita kanta muddin tana cikin hayyacinta. A ƙarshen shekara kowane asibiti ya faɗi ƙorafi nawa ya karɓa, nawa ya warware.

Kai ka fi kowa sanin tsadar rashin yarda. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Da ka karɓi hukumar kula da lafiya a matakin farko a 2008, sai da ka bi fadar Sarkin Musulmi da sarakuna da hakimai kafin iyaye su sake buɗe ƙofa. Abin da nake roƙo bai kai wannan wahala ba, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka. Sashe na 30 ya riga ya ɗora wa Minista alhakin tsara hanyar kai ƙorafi, umarni daga ofishinka ya isa a fara da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Bauchi.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Daga wani mazaunin Kano.